Dutsen Gugar Baba

Da ana mai da magana ciki, da na mai da wadda na faɗa wa babana wata la'asar a Nima. Yana guga a ƙofar gida, rediyo na labarin kumbon da ke samun wuta daga hasken rana. Ya kai hannuna kusa da dutsen gugarsa mai warin gawayi, ya janye a hankali.

"Ka ji zafin ya ragu? Kumbon ma in ya yi nisa da rana, wutarsa mutuwa za ta yi."

A gaban masu kawo wanki na ce, "Baba, kai da ba ka yi boko ba?"

Ya saki hannuna. Bai ƙara nuna mini komai ba.

Jiya jikata ta karanta mini ainihin abin da ya faɗa game da kumbon a littafin makarantarta. Don Allah, in babba ya riƙe hannunku, ku bari ya gama.