Gora Bakwai da Ungozoma

Kana mamakin abin da masana ke faɗa, wai da can kowace ƙwayar halitta ita kaɗai take yawonta a ruwa, ta ci, ta rabu biyu, kowa ya kama gabansa, har waɗansu suka rabu amma ba su saki juna ba, jiki ya samu? To gyara zama, malam, ka sha misali.

An yi wani mai fito a bakin gulbi. Su bakwai ne uwa ɗaya, amma al'adarsu, mutum na tasawa sai a miƙa masa ƙaton gora, ya nemi mashigarsa, ko gaisuwa sai daga nesa. Ran nan da hantsi, tsakiyar damina, naƙuda ta kama matar mai fiton nan, ɗa ya zo a gicciye. Ungozomar da ta iya juya ɗa kuwa tana tsallake, tsohuwa ce mai jiki, tubarkalla. Ya haye da ƙyar, ya ɗora ta a gora, ruwa ya juya su kamar ana tuƙa tuwo, ya watso su gaɓar da suka baro. Har sau biyu! Tsohuwa ta furzar da ruwa ta ce, "Ɗan nan, in kashe ni za ka yi, bari in yi kalmar shahada tukuna." Tsoro ya kama shi, don ya san matarsa ba za ta kai la'asar a haka ba. Ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira, suka iso, kowa na fama da nasa goran.

Kada ka ce wani ne ya yi dabara, wallahi babu. Igiyar goransa ce ta sarƙe da ta ƙanensa. Suna kiciniyar warwarewa, ruwa ya taso ya maka su, sai ga su daram, ba wanda ya kife. Kai! Mai fito ya daka tsalle cikin ruwa yana ihu, "Kada ku kwance! Ku ƙaro!" Suka ɗaure bakwai ɗin tamau, suka shimfiɗa ƙyauren kara, tsohuwa ta hakimce a tsakiya. Suna shiga, aiki ya raba kansa. Na gefe suna tuƙi, babbansu ya bar tuƙi ya zama ido yana faɗar inda duwatsu suke, biyu kuwa ba su da aiki sai riƙon tsohuwa. Mutanen gaɓar gida suka hango abu guda mai ƙafa goma sha huɗu yana keta gulbi, har wani ya ruga ɗauko mashi.

Kafin azahar aka ji kukan jariri, uwa kuma tana neman kunu. Mai fito ya zube a ƙofar gida, jiƙe sharkaf, yana dariya yana hawaye don murna. Gulbin nan bai rage ƙarfinsa ko kaɗan ba, malam. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.