Cokali Ɗaya na Shinkafa

Cokalin ya sake suɓucewa, shinkafa ta watse a zanin gado. Sabuwar nas ta ja tsaki daga bakin ƙofa. Matar da ke kan gadon na fama da MS, ciwon da ke lalata jijiyoyi har hannu ya daina jin maganar mai shi, amma ga mijinta a kujera, ƙato da shi, ya zuba mata ido kamar mai kallon talabijin.

Wai wannan ne miji, in ji nas a ranta! Irinsu ne masu zuwa asibiti don a ce sun zo.

Matar ta lalubo cokalin, hannu na karkarwa, ta ɗago shi a hankali. Ya kusa kai baki ke nan, nas ɗin ta ƙaraso ta karɓe.

"Kawo in ba ki, baiwar Allah, tunda wasu hannunsu na ado ne."

Matar ta dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya aike ki? Tunda ciwon nan ya tashi ban kai cokali kusa da baki haka ba sai yau. Masu tausayi irinki ne suka mayar da ni jaririya."

Nas ta waiga. Sai yanzu ta lura a kan hannuwansa mijin yake zaune, ya danne su da cinya, leɓensa har ya fashe don cizo.

"Mayar mata da cokalinta, Sista," in ji shi. "In ba za ki iya jurewa ba, ga kujera, in nuna miki yadda ake zama."