Jemagen da Baba ya kawo daga Bama

Tunda Baba ya dawo daga yaƙin Bama ya daina yawan magana. Wata rana da la'asar muna zaune gindin rumbu a gidanmu na Kusada, sai ya ciro wani ɗan koren dutse ya ɗora mini a tafin hannu. Duk zafin ranar nan dutsen sanyi ƙalau yake. An sassaƙa jemage a jikinsa, kai a ƙasa.

Ya ce, "Aikin mutanen Sin ne. Su a wurinsu jemage alheri ne. In ya juyo da kai haka, wai alherin ya iso gida ke nan."

Na ce, "Baba, wa ya ba ka?"

"A wuyan wani yake. Shi bai koma gida ba."

Kakata tana bakacen dawa, sai ta ajiye faifan. "Audu, fitar mini da kayan mamaci daga gidan nan."

Baba bai ko dube ta ba. Ya dunƙule hannuna a kan dutsen, ya matse har na ji zafi. "Riƙe. Ni na gaji."

Yau na girma, amma har yanzu ina fargabar sanin ko mutumin nan ya cika kafin Baba ya cire masa shi.