Wayar da Ta Kama Bakinta

Alhaji, ajiye wayar nan ka zauna. Duk kasuwar nan babu mai gyaran waya da ya kama ƙafata, amma ni ake zagi, wai na cika surutu kafin aiki. Zan sauya maka tsarin wayar kamar yadda ka nema, amma sai ka ji misalin nan tukuna. Kyauta ne, ga shi ko ruwan sanyi ba ka miƙo mini ba.

Wani mai safarar albasa ne ya tsargu da wayarsa. Ya yi zancen tayar mota da abokinsa, washegari tallan taya ya cika masa waya. Ya ce wannan ɗan rahoto ne a aljihu, kuma ga mai ratsa daji da kaya duk mako, ban ga laifinsa ba. Ya kai ta wurin wani gwani, dogo, kyakkyawa, kamar dai ni. Aka kwashe tsarin da ta zo da shi daga kamfani, aka zuba mata wanda ba ya gaya wa kowa inda mai ita yake. Gwanin ya gargaɗe shi cewa wasu manhajojin za su ƙi tashi, wasu kuma saƙonsu ba zai shigo ba sai ya buɗe su da hannunsa. Ya ce ai abin da yake so ke nan. Waya ta yi tsit. Shi ma ya daina faɗa wa kowa ranar tafiyarsa.

To, direbobin hanyar suna da zauren hira guda a waya, shi ma yana ciki, kuma al'adarsu ita ce wanda ya riga shiga daji ya bar saƙon murya: hanya lafiya, ko hanya ba kyau. Wata Talata da hantsi, na gaba ya hango babura cunkus a bakin wata gada, ya juya da ƙyar, ya aika saƙo. Wayoyi suka yi ƙara, motoci suka kauce suka shige ƙauyuka. Ta mai albasa tana aljihu, ko motsi. Ba wanda ya kira shi, don ba wanda ya san yana hanya.

Da la'asar aka tsinci motarsa a bakin gadar, ƙofa a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya a kan kwalta, albasa ta gangara har cikin rafi. Wayar tana ƙarƙashin kujera. Ƙaninsa na buɗe zauren, saƙonni goma sha ɗaya suka zubo lokaci guda, duk magana ɗaya: kada kowa ya bi ta gada. Shi kuwa, har yau matarsa ba ta san ko za ta shiga takaba ba.

Masu iya magana dai sun riga ni faɗa, Alhaji: an yi gudun gara, an tadda zago.