Ruwan Yazawar Baba Genival

Kullum bayan abincin rana Jucilene ke matse wa mahaifinta ruwan yazawa. Ba ta bari kowa ya taya ta. Takan shiga kicin ta turo ƙofa, ta fito da kofi ɗaya, ta kai masa baranda inda yake kwance a lilonsa da kumburarren ciki.

Hantar mahaifin nata Genival ta lalace, kuma duk unguwarsu a birnin Fortaleza an san dalili. Tun yana saurayi yake gini da rana, da yamma ya zauna teburin wasan domino da kwalbar barasar rake da yankakkiyar yazawa a faranti. Likita Marluce ta faɗa masa ƙa'ida ba kwana-kwana: wata shida cur ba ɗigon giya a jininsa, sannan a yi maganar dashen hanta. In gwaji ya nuna ya sha, a koma farko.

Masu jiran hantar mamaci suna da yawa, wasu a jiran suke mutuwa. Don haka aka gwada 'ya'yansa biyu. Jinin Edmilson, babban, bai dace ba. Na Jucilene ya dace sarai. Za a yanki wani ɓangare na hantarta a dasa wa uban.

Kafin ta iso gida daga asibiti, Edmilson ya riga ya sanar a coci cewa za ta ba uban hanta. Aka yi mata tafi, tsofaffi suka rungume ta, mai burodi ya daina karɓar kuɗinta. Likita ta keɓe ta, ta ce ko ana gobe aikin tiyatar tana da ikon fasawa. Jucilene ta yi dariya ta ce ai ubanta ne. A ɗakin jira wata mata ta ɗaga riga ta nuna mata tabon irin wannan aiki, tun daga ƙirji har kwiɓi. Ran nan Jucilene ta daɗe tana yi wa ƙaramar 'yarta kitso, ta tsefe, ta sake.

Genival kuwa ya ba kowa mamaki. Ya daina bi ta layin mashaya. Abokansa suna yi masa tsiya daga tsallaken titi: "Waliyyi Genival, a sa mu a addu'a!" Yakan ɗaga musu kofin shayi. Gwaji bayan gwaji, jininsa fes.

A wata na biyar aka sa ranar aiki. Washegari ta kawo masa ruwan yazawarsa kamar kullum. Ya kurɓa, ya dakata, ya dube ta.

"'Yar Baba, kina jin tsoro?"

"Tsoron me? Sha abinka kafin ƙuda ya riga ka."

Ya shanye tas. Tun daga ranar bai ƙara rage ko kurɓi ɗaya a kofin ba.

Gwajin ƙarshe ya nuna giya. Likita Marluce ta ajiye takardar, ta cire tabarau, ta tambaye shi ko akwai wani magani ko abinci da zai iya jawo haka. Jucilene tana zaune kusa da shi, ta ƙura wa takalmanta ido.

"Ba wani magani, Likita," in ji Genival. "Na sha."

Aka soke aikin. Sai a sake ƙirga wata shida, kuma likita ba ta ɓoye musu ba cewa hantar ba lallai ta kai ba.

Edmilson ya birkice gidan. Ya duba ƙarƙashin katifa, tankin bayan gida, buhun garin rogo, har cikin takalman aikin tsohon. Bai sami komai ba. Jakar ƙanwarsa ce kawai a rataye a bayan ƙofar kicin, ya ture ta gefe ya ci gaba da bincike.

"Tsoho, ka ji kunya! Yarinyar nan za ta kwanta a farke ta saboda kai, kai kuma kana can kana ɗirka. Wa ya sayo maka? A ina ka ɓoye?"

"A cikina na ɓoye, sarkin bincike. Zo ka duba."

Unguwa ta juya masa baya. A coci aka koma yi wa Jucilene jaje, ana cewa Allah ya ga niyyarta. Duk wanda ya faɗi haka, sai ta yi sauri ta wuce. Ta rame fiye da mara lafiyar. Ta daina haɗa ido da shi, ko da tana gyara masa matashi.

Ran Lahadi bayan abincin rana ta kawo kofin. Genival ya karɓa da yatsunsa da suka yi ruwan ɗorawa, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki.

"Na gaya wa Likita ta sa ni a layin masu jiran hantar mamaci," ya ce. "Na ce ba na son hantar kowa mai rai. Magana ta ƙare, ba mai ƙara tambayarki."

Ta buɗe baki, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Yau kam yazawa ce zalla, na gode. Amma 'yar Baba, da kin zuba giyar a shayi ko lemo, wataƙila da ban gane ba. Mutumin da ya tsufa yana korar barasa da yazawa, shi za ki ɓoye wa barasa a cikin yazawa?"