Goyon Mayya

Ya zare shafin ƙarshe daga tafireta, ya karanta wa mahaifiyarsa: mutanen ƙauye sun sa mayyar ta tsallake yaron da ta kama wa kurwa, yaro ya miƙe, aka kore ta da jifa.

Mazarin kaɗinta ya tsaya cak.

"Aljanunka sun yi kyau, amma ƙarshen nan ƙarya ne," ta ce. "Yaron bai tashi ba."

"Inna, ai ni na ƙirƙiro ta."

"Shi ya sa ka manta da goyonta. Da baya-baya ta bar garin, don kada dutse ya same shi."

Ya dubi tabon goshinta, wanda tun zuwansu Funtua take ce masa saniya ce ta soke ta.