Akwatin da Ya Ƙi Gusawa

Akwatin ya ƙi gusawa. Hajiya Indo ta ɗora linzamin kwamfuta a kansa, ta danna, ta ja, yana nan inda yake kamar an kafe shi da ƙusa.

Zanen ƙididdiga ne da za a haska a taron bankwananta, bayan shekarun da ta shafe tana shugabancin ɗakin haihuwa na wani asibiti a Ƙofar Marusa. Ma'auni biyu ne tsaye a jikinsa. Na hagu yana nuna yawan haihuwa da shuɗin layi, na dama yana nuna matan da suka rasu wajen haihuwa da jan layi. Jan layin na tafe shekara bayan shekara, sai ya yi ƙasa sosai, ya shige bayan ɗan akwatin da ke bayanin launuka. Akwatin ya rufe har shekarun da ke rubuce a gindin wurin.

Mataimakiyarta Martha ce ta haɗa zanen, ita ce kuma za ta gaji kujerar.

"Martha, duk faɗin zanen nan, ba ki samu ma'ajiyar akwati ba sai inda mace-mace suka fi raguwa?"

"Hajiya, ba ya jawuwa, ma'aunin dama ne ya kwanta a kansa. Don Allah a bar shi haka, ai ba mai lura."

"Ni na lura."

Hajiya ta san hassada idan ta gan ta. Ita ta koya wa yarinyar nan yanke cibiya, ita ta tsaya mata ranar da aka nemi tura ta ƙauye. Yanzu da kujera ta matso, ana so a sallame ta a gaban jama'a alhali mafi kyawun aikinta na lulluɓe. Sunan da ta gina da tsayuwa da rashin hutu ba zai fita ƙofar asibitin a rage ba.

Ta ɗauki kwamfutar ta kai wa Malam Lado, mai shagon gyara a Ƙofar Kaura. Bayan gaisuwa ya duba, ya ce ma'aunin dama na shimfiɗe bisa na hagu kamar gilashi a kan hoto, shi ya sa linzami ba ya kaiwa ga akwatin. Ya mayar da shi bisa shimfiɗar sama, ya ba shi damar jawuwa.

"Yanzu ko ina kike so zai bi ki, ranki ya daɗe. In gusar miki?"

"Bar shi. A gabansu zan gusar."

Ranar taro zauren ya cika: shugabannin asibiti, tsofaffin ungozomai, surukanta, matan unguwa. Aka haska zanen a bango. Hajiya ta yi jawabi mai tsari, ta gode wa wanda ya cancanta, sannan ta ce akwai abin da aka so ɓoyewa, amma Allah bai nufa ba.

Martha ta yunƙura daga kujerar gaba.

"Hajiya..."

"Zauna, 'yata."

Ta danna akwatin, ta ja shi a hankali zuwa sama. Jan layin ya bayyana, ya gangaro har ya taɓa ƙasa. Shekara guda cur babu matar da ta rasu.

Baƙi suka ɗauki tafi. Tsofaffin ungozomai kuwa hannayensu na kan cinya, sun sunkuyar da kai. Martha ta rufe fuska da gyale. Hajiya ta juya bango da murmushi domin ta karanta wa jama'a shekarar da babbar murya, sai idonta ya sauka a kan lambar.

Shekarar ce ta yi a Zariya tana ƙaro karatu, Martha na riƙe da ɗakin.